Jar A-kori-kurar Yaya Orest

Curtis, mijin 'yar yayana, watan Yuli ya zaɓa ya kai wa surukarsa motar. Ba shi da wauta. A zafin watan Yuli a nan lardin Saskatchewan, ko amalanke ka ɗaura wa batir sai ya kai ka gari ya dawo da kai.

Ina gidan gonar a ranar, na je taya Lesia cusa kokwamba a kwalabe. Lesia matar yayana Orest ce. Ni tun da ido ya fara ba ni matsala aka karɓe min lasin, sai wani ya rage min hanya nake zuwa wurinta. Muna bakin famfo muka ga wata farar aba ta sulalo tsakar gida, ba ƙara ba hayaƙi, ko karen gidan bai ɗaga kai ba. Curtis ya fito da murmushin nan nasa mai nuna haƙora har na ciki, Darlene matarsa ta biyo shi riƙe da kek. Ni dai duk ranar da na ga Darlene da kek a hannu alhali ba Lahadi ba ce, na san akwai abin da aka zo ɗauka.

"Mama, ajiye wuƙar nan ki zo ki ga zamani," in ji Curtis.

Lesia ta goge hannu a jikin riga ta leƙa. "Wane zamani kuma? Firij ne ka sa wa taya?"

Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ya buɗe mata ƙofa, ya zaunar da ita, ya nuna mata cewa ba sai ta yi ta fama da gwiwa tana hawa kamar mai hawa doki ba. Ya ce ba mai, ba juyen baƙin mai, ba tsayawa a gidan mai iska na dukanta. Ya nuna mata wata lamba a allon gaban motar ya ce wannan nisan da za ta iya yi ne, zuwa gari da dawowa har da saura mai yawa.

"Ni ban iya waɗannan abubuwan ba, Curtis."

"Haba Mama. Ku da tun kafin a haife ni kuke jona mota a bango da hunturu don kada inji ya daskare? Ai abu ɗaya ne. Ki jona da yamma, ki cire da safe."

Na ce, "Wannan ba ita ce ka sayar wa wani mutumin garin Regina a watan Maris ba?"

"Ita ce, Gwaggo Stefka. Ya sake shawara ne. Matarsa ba ta son farar mota."

Darlene ta duƙa tana gyara takalminta da babu abin da ya same shi.

Curtis ya ce ba ya son ko kwabo daga hannun Mama, Allah ya kiyaye. Musaya kawai za a yi: ta ba shi tsohuwar jar a-kori-kurar Baba Orest mai shan mai kamar raƙumi, ya ɗauke mata wahala. A kan teburin kicin, tsakanin kwalabe da gishiri, ya shimfiɗa takarda mai cewa an ba ta motar a yadda take. Ya ce ƙa'ida ce kawai. Lesia ta sa hannu, ta kuma cika masa kwali da kokwamba don godiya. Da yamma ya tuƙa jar motar ya fita, Darlene na ɗago mana hannu ta taga.

Yaya Orest yana gidan kula da tsofaffi a cikin gari, layi ɗaya da gidana. Ciwon mantuwa ya riga ya cinye shi sosai. Ni da muka sha nono ɗaya, da sunan mahaifiyarmu yake kirana. Amma kowace safiya sai a zaunar da shi bakin taga, kuma da zarar jar motar ta karyo kwana ta shigo, Lesia ta danna oda sau biyu, sai ya miƙe ya zaro matajin da ke aljihunsa ya taje 'yan gashin da suka rage masa, ya ce, "Lesia ta zo." Ya bi ta da ido tana saukowa, tana ɗago masa hannu, har ta shigo ɗakin. Daga nan sai hira. Ya tambaye ta kaji, ya tambaye ta ko rijiya ta ƙafe, ya yi mata ƙorafin shayin gidan. Dukanmu mun ɗauka fuskarta ya sani.

Washegarin musayar ina zaune a wurinsa farar motar ta shigo ta tsaya a inda Lesia ta saba tsayawa. Ta sauko ta ɗago hannu. Orest bai motsa ba. Ta shigo da fara'arta, ta tsaya a gabansa ta ce, "Tsoho, ka ga sabuwar motata?"

Ya karkata kai yana leƙen bayanta. "Baiwar Allah, ɗan matsa kaɗan, kin tare min taga. Matata nake jira."

Lesia ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta kama hannunsa, ya zare a hankali cikin ladabi, irin yadda ake zare hannu daga baƙuwar da ta yi kuskure. Ta zauna a kujerar gefe har azahar, shi yana kallon hanya, ita tana kallonsa.

A makon ta kira Curtis a waya daga gidana. Ta fara da ba shi haƙuri, kamar ita ce ta yi laifi, sannan ta ce ko za a warware musayar. Ina jin muryarsa tana fitowa daga wayar, mai laushi kamar man shanu. Ya ce an riga an sauya takardu, an sauya inshora, kuma motar ma tana wurin mai walda ana ɗaura mata farantin ture ƙanƙara. Ya ce ciwon Baba ne ke gaba, ba mota ba, kowane likita zai gaya mata haka. Ya ce Baba zai saba.

"To, ba komai," in ji Lesia.

Wannan "ba komai" ita ce cutar mutanenmu. Mu ba ma faɗa. Maƙwabci zai cinye maka iyakar gona, ku haɗu a coci ku gaisa, ka tambaye shi ciwon bayansa. Muna alfahari da hakan kamar wani gado. Kuma irin su Curtis sun san mu sarai, shi ya sa ba sa jin tsoron komai a gidajenmu.

Lesia ba ta fasa zuwa ba. Ta dafo masa ƙullin fulawa da dankali irin wanda yake so, ya ci ya ce da daɗi, amma bai kai na matarsa ba. Ta saka koriyar kwat ɗinta ta shekara da shekaru cikin zafin Agusta, ya ce matarsa ma tana da irinta. Sannu a hankali ya karɓe ta a matsayin wata baƙuwa mai kirki. Yakan ba ta labarin Lesia: yadda take tuƙa tarakta ta fi maza, yadda ta taɓa korar kyarkeci da tsintsiya. Ita kuwa ta zauna tana jin ana yabonta a wurin wata. In ta fito sai ta shiga banɗakin baƙi ta daɗe, ta fito ido jawur ta ce sabulun wurin ne ke sa ta hawaye.

Sai sanyi ya sauka. Lambar nan da Curtis ya nuna mata a watan Yuli ta fara zubewa kamar ruwa a kwando. Kada wani ya ce duk motar lantarki haka take. Matar mai kantin magani tana da tata, a tsakiyar Janairu take zuwa birnin Saskatoon da ita, hita a kunne, rediyo na kiɗa. Wannan ta Curtis batirinta ne ya riga ya gama aiki. Lesia ta jona ta dare guda, da safe ta tashi da abin da ba ya kai ta gari ya mayar da ita sai da addu'a. Ta gwada jonawa a sandunan da ke filin ajiye motoci na gidan tsofaffin, waɗanda muke ɗumama inji da su. Wuni guda a jone, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba.

Sai ta daina kunna hita. Mace mai shekara saba'in da ɗoriya, cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, ta naɗe ƙafa da bargo, ta ɗora robar ruwan zafi a cinya, ta riƙe cokali tana kankare gilashi ta ciki don numfashinta na daskarewa a kai. In ta iso ba ta iya ɓalle maɓallin kwat ɗinta, sai na ɓalle mata. Wata rana motar ta mutu mata a kan hanyar komawa, inda babu gida babu bishiya. Ta zauna a ciki har Allah ya kawo Wasyl, maƙwabcinta, a kan tarakta ya ja ta. Yatsunta biyu na hannun hagu suka yi fari, daga baya suka yi baƙi a bakinsu, har yau ba ta jin su.

Na ce ta dawo gidana ta zauna har ƙanƙara ta narke. Ta ce kaji fa, da tsoffin shanun Orest guda biyu, da bututun ruwa da zai fashe in an bar gida ba wuta. Zuwan kullum ya koma sai ranar da rana ta fito iska ta kwanta.

Na tare Curtis a ƙofar coci. Ya cire hula ya gaishe ni kamar yaron kirki.

"Gwaggo, gaskiya Mama ba ta iya tuƙa ta ba ne. Ƙafarta da nauyi. Irin waɗannan motoci lallaɓa su ake yi."

"Matar da ke tafiya kamar mai rakiyar gawa don kada caji ya ƙare, ita ce mai ƙafa da nauyi?"

"To ai sanyi ne. Kowa ya san batir ba ya son sanyi."

"A watan Yuli ba ka ce kowa ya sani ba."

"Ta gani, ta tuƙa, ta sa hannu. Ni taimako na yi." Ya mayar da hularsa. "A gaida gida, Gwaggo. Ki kula da santsi."

Abin da ya fi ƙona min rai yana gaba. Curtis ya samu kwangilar share ƙanƙara a wurare da yawa cikin gari, har da filin gidan tsofaffin. Safiyar farko da ya zo, ina ɗakin. Jar motar ta karyo kwana da ƙugin nan nata da ko a kabari Orest zai gane. Yayana ya miƙe tsaye ba tare da an kama shi ba, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zaro mataji.

"Lesia ta zo."

Motar ta wuce tagar tana tura ƙanƙara. Ta ja baya. Ta sake wucewa. Shi yana tsaye, ya gyara wuyan riga, yana murmushi, kansa na bin ta hagu da dama. Da ta gama ta fice ta ƙofa ta yi gaba. Ya daɗe a tsaye kafin ya juyo gare ni.

"Inna, me ya sa ba ta sauko ba?"

Na kama shi na zaunar da shi. Karo na gaba da silifas na fita cikin ƙanƙara na buga wa Curtis gilashi. Na gaya masa abin da ke faruwa a bayan tagar can. Na ce in ba zai mayar da motar ba, to ya riƙa ɗauko Lesia a ciki ranar da zai zo, ta sauka mijinta ya gan ta. Ya ce gonar ba ta kan hanyarsa, kuma yana da wurare a jere suna jiransa tun asuba. Na ce to ya turo wata motar nan wurin. Ya ce wata motar a ina, ai kwangila ce, ba wasa ba. Ya ƙara da cewa nan da minti biyar Baba zai manta. Ya ɗaga gilashinsa don kada ɗumi ya fita.

Orest ya manta sunan ƙanwarsa, ya manta ya ci abinci, amma wannan bai manta ba. Duk ranar da Lesia ta samu ta iso, tana karkarwa, sai ya karɓe ta da labari. "Baiwar Allah, kin san matata tana zuwa har ƙofar nan ta juya? Da idona nake ganinta. Ta yi ta kai da kawowa, kamar mai shawara, sai ta tafi." Lesia ta ce wataƙila sauri take yi. Ya ce a'a, Lesia ba ta taɓa sauri a kansa ba.

Jajiberin Kirsimeti a gidan Darlene aka yi cin abincin. A wurinmu daren nan ba a ɗaga murya, ba a faɗar magana mai zafi, don an ce wanda ya yi rigima a teburin nan da rigima zai ƙare shekara. Ana kuma ajiye faranti ɗaya ba kowa a gabansa, na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Darlene ta ajiye shi, ta jingina hoton ubanta a jiki. Mutumin yana raye, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, amma ta fi son hotonsa, don hoto ba ya tambaya.

Na same ta a kicin tana juya miya, na rufe ƙofa.

"Darlene, mutumin Regina me ya sa ya dawo da motar?"

"Gwaggo, don Allah ba yau ba."

"Matarsa ce ba ta son fari?"

Ta ajiye ludayin. "To me kike so mu yi? A kan janwe ya kawo ta, yana ihu a ƙofar gida maƙwabta na leƙe. Ya ce bakanikensa ya auna batirin, ya mutu rabi, kuɗin sabo kuma ya fi kuɗin motar. Ya ce kotu za mu haɗu. Curtis ya mayar masa da kuɗinsa. Duk baƙon da muka sayar wa haka zai yi mana."

"Uwarki kuwa ba za ta kai ku kotu ba."

"Ba haka nake nufi ba. Mun ɗauka ai Mama ba ta zuwa ko'ina."

"Ba ta zuwa ko'ina sai wurin ubanki."

Ta fara share ido da bayan hannu, tana cewa ban san halin da suke ciki ba, ga yara a makaranta, ga Curtis a lokacin ba aiki tun kakar bara. Na juya zan fita sai ga Lesia a bakin ƙofa da tire a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta kalli 'yarta, ta kalli tukunya, ta ce, "A kai miyar nan kafin ta huce."

A teburin, bayan addu'a, Lesia ta ajiye cokali ta ce a hankali, "Curtis, aro nake nema. Ka ara min motar Baba wuni ɗaya kawai, ya ga na sauko daga ciki."

Ya ɗora hannu a ƙirji. "Mama, a daren nan? Kin fi kowa sanin ba a maganar da za ta ɓata rai a teburin nan. Mu bari sai bayan biki."

Na ce, "Ba a faɗa a daren nan, amma ana zama a ci abinci da wanda ya loda wa surukarsa mataccen batir ya tura ta daji."

Iyayen Curtis suka sunkuyar da kai a faranti. Wata 'yar uwarsa ta ce, "Haba Stefka, gaban yara." Darlene ta tashi da kuka. Kowa ya juyo yana kallona, ni ce na karya al'ada, ni ce mai laifin daren. Uwar Curtis ta tuna min cewa da rigima zan ƙare shekara. Na ce na gode, dama ina da wanda zan yi da shi. Lesia ta dafa min hannu ta ce in yi haƙuri in ci abinci.

Bayan biki Curtis ya ce sai ƙanƙara ta lafa. Da ta lafa ya ce farantin ba ya ciruwa da sauƙi, kuma inshorarsa ba ta yarda wani ya tuƙa ba. Na ce wa Lesia mu je ƙaramar kotu, Wasyl zai kai mu, mu nemo mutumin Regina ya yi shaida. Ta ce, "In tsaya gaban alƙali in nuna 'yar da na haifa da yatsa? Orest zai ji kunya." Har a lokacin kunyar Orest take karewa.

A cikin Fabrairu wata safiya ta iso da wuri, ƙanƙara ta zuba a daren. Curtis ya gama rabin filin ya shiga ofis shan kofi, ya bar motar a kunne da makulli a jiki, kamar yadda kowa ke yi a nan da hunturu. Lesia ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar. Sai ta ce min, "Stefka, je ki wurinsa."

Ta taga na gan ta ta kama ƙofar ta haye da gwiwoyin nan da aka ce ba sa iya hawa. Ta fita ta ƙofa, ta zagaya layi, ta karyo kwana ta shigo yadda ta saba. Ta danna oda sau biyu. Ta tsaya a wurinta. Ta sauko cikin koriyar kwat, ta ɗago hannu.

Amma Orest ya yi makonni da sa a juya masa kujera ta fuskanci bango.

"Yaya, duba. Lesia ta zo."

"Kullum tana zuwa," ya ce. "Ba ta saukowa."

"Yau ta sauko. Ga ta can tsaye, juyo ka gani."

Na kama kujerar zan juya, ya damƙe ƙarfen gado da ƙarfin da ban san yana da saura ba, ya runtse ido. "Inna, ki bar ni. Na gaji da a yi min haka."

Na roƙe shi, na yi masa tsawa, na yi kuka. Bai buɗe ido ba. A waje Lesia na tsaye iska na kaɗa mata kwat, hannu a sama. Tana nan a haka Curtis ya fito da kofi a hannu yana faɗa, yana nuna farantin, yana nuna ta. Ban ji abin da yake cewa ba, amma na san akwai inshora a ciki. Ta miƙa masa makulli ba ta kalle shi ba, ta shigo.

Da ta zauna a gefensa Orest ya buɗe ido ya gane baƙuwarsa mai kirki. Ya kama hannunta, mai matattun yatsun, ya ce, "Kai, kin yi sanyi. Baiwar Allah, ke da kike yawo a gari, in kin haɗu da matata ki tambayar min ita laifin da na yi mata. Na yi ta tunani ban gano ba."

"Ba ka yi mata komai ba," in ji Lesia.

"To me ya sa?"

Ta gyara masa bargo a kan gwiwa ta ce, "Zan tambaye ta."

Bai sake waiwayar tagar ba. Ya rasu lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, Lesia na riƙe da hannunsa, yana yi mata godiya irin wadda ake yi wa ma'aikaciyar jinya.

Ranar jana'iza farantin da ba ya ciruwa da sauƙi ya ciru. Curtis ya wanke jar motar tana ƙyalli, ya cika bayanta da furanni, ya ja gaban ayari har maƙabarta. Mutane suka yi ta cewa Allah sarki, dubi yadda ya riƙe motar surukinsa. Fada, limamin cocin, ma sai da ya ambace shi a huɗuba. Darlene ta fi kowa kuka, ta rungume akwatin tana cewa Baba bai ma san ta ba a ƙarshe. Ta yaya zai san ta? Ko da jar motar ta zo da ita, ai sai ta sauko ta shiga wurinsa kafin ya san ta.

A zauren coci, ana cin abinci, Curtis ya tashi ya buga cokali a kofi don kowa ya ji. Aikin ƙanƙara ya ƙare, giyar motar ta fara kuka saboda turin da ta sha, watan Yuli kuma yana tafe, lokacin da lamba ke kyau a allon farar mota. Ya zo gaban Lesia ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ajiye makulli a kan tebur.

"Mama, na yi tunani sosai. Motar Baba taki ce. Ki karɓa ta zame miki abin tunawa. Farar sai in ɗauke miki ita, kada ta ƙara wahalar da ke."

Mata suka fara share hawaye. Na ji wata a bayana tana cewa samun suruki irin wannan sai an tona. Dukansu jira suke Lesia ta ce ba komai, a tafa, a koma kan kek.

Ta dubi makullin. Sannan ta sa yatsun nan biyu da ba ta ji ta tura masa shi har bakin tebur.

"Farar tana bayan rumbu, kuma a nan za ta ruɓe. Ba za ta shiga hannun uwar wani ba." Ba ta ɗaga murya ba, amma har masu wanke-wanke sun ji ta. "Wannan kuma ka riƙe abarka, Curtis. Wuni ɗaya na roƙe ka. Wanda zan sauko ya gan ni, ɗazu ka kai masa furanni."

Ta miƙe ta ce in ɓalle mata maɓallin kwat ɗin da ta saka a karkace. Na gyara mata, muka fita, Wasyl ya kai mu gida a motarsa.